Wata goma sha biyar a cikin ruwa: abin da iyo ya yi wa yayana, da abin da ya kasa yi masa

Wannan shaida ce a kan yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma da izininsa nake ba da ita. Sana'ata koyar da iyo, don haka duk abin da zan faɗa a gabana aka yi shi, wani ma ni na auna da hannuna na rubuta a littafi.

Yaya ɗan kasuwa ne mai zaman shago, daga hantsi har magariba yana kan benci. Yana da shekara 48 lokacin da abin ya kai maƙura: tsayinsa santimita 172, nauyinsa kilo 118, tef ɗin tela kuma ya ba da santimita 122 a daidai cibiya. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne kujerar roba da yaronsa yake riƙo masa zuwa masallaci. Gwiwarsa ta dama ta daina lanƙwashewa, sujada ta gagara, mutumin da bai kai hamsin ba ya koma gefen sahu tare da tsofaffi. Likita ya ce guringuntsin gwiwar ne ya cinye, ga hawan jini ya fara leƙowa, sai ya rage ƙiba. Ya gwada tafiyar ƙafa bayan asuba, minti goma sha biyar gwiwar ta kumbura kamar an hura ta. Gudu kuwa ba a ma maganarsa.

Da ya zo wurina tambaya ɗaya ya yi: "Kai, ruwan nan naka zai sauke mini tumbin nan?" Na ce, "Yaya, zai taimaka ƙwarai, amma ba shi kaɗai ba." Rabin farko na maganar ya ji, rabin ƙarshe sai da ya sha wahalar wata uku kafin ya shiga kunnensa.

Dalilin da ya sa ruwa ya dace da mai irin jikinsa a fili yake. Idan mutum ya tsaya a ruwa zuwa ƙugu, ƙafafunsa kusan rabin nauyinsa kawai suke ɗauka. Idan ruwan ya kai ƙirji sai ya koma wajen kashi ɗaya cikin uku, idan ya kai wuya kuwa kusan kashi ɗaya cikin goma. Wato gwiwar da take daƙon kilo 118 a kan titi, a cikin ruwa zuwa wuya abin da ke kanta bai fi kilo goma sha biyu ba. A ɗaya ɓangaren kuma ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, saboda haka duk motsin hannu ko ƙafa turawa ce, tsoka tana aiki ba tare da gaɓa ta sha duka ba. Babu wani motsa jiki a tudu da ke haɗa waɗannan biyun haka.

Kafin ya jiƙa ƙafarsa na sa ya koma asibiti aka auna jininsa da sukarinsa, likita ya saurari zuciyarsa ya ba shi izini. Wannan ba tsari ne na ƙawa ba. Mai ciwon zuciya, mai farfaɗiya, da mai ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin, kowannensu ruwa yana iya zame masa haɗari cikin ƙiftawar ido. Wanda jiri ya kwasa a kan titi faɗuwa zai yi a ɗaga shi. Wanda ya kwasa a ruwa nutsewa zai yi, kuma sau da yawa ba a jin ko ihunsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021. Shi ya sa dokarmu ta farko, wadda ba mu taɓa karyawa ba, ita ce ba ya shiga ruwa sai da wani a bakin kwamin yana kallonsa.

Sati biyun farko bai yi iyo ba ko kaɗan. Wurin ninƙayar da muke zuwa tsawonsa mita 25 ne, muka tsaya a ɓangaren da ruwa ke kai masa ƙirji. Tafiya yake yi daga gefe zuwa gefe, minti goma gaba, minti biyar da baya, sannan ya kama bakin kwamin ya koyi abin da ya fi komai wuya ga babban mutum, wato sa fuska a ruwa. Na tuna yadda yatsunsa suka ƙanƙame simintin nan, wuyansa ya sandare, ya tsoma fuska ya fizgo ta yana tari, ruwa na zuba daga gemunsa. Laifin ɗaya ne, kuma kusan kowane sabon shiga yana yin sa: riƙe numfashi. Mutum ya cika huhu, ya kulle, ya tsoma kai, sannan idan ya ɗago yana so ya fitar da tsohuwar iska ya shaƙi sabuwa duk a cikin sakan ɗaya. Ba zai yiwu ba. Iskar da jiki ya gama amfani da ita ce take taruwa, ita ke kawo wannan firgicin na shaƙewa. Gyaran shi ne a fitar da iska a cikin ruwa, ta hanci, a hankali, kamar mai gunaguni, kumfa na tashi; idan fuska ta fito sai a shaƙa ta baki kawai. Na sa shi ya riƙa yin wannan sau ashirin a jere, sau uku a kowane zuwa, har a gida a cikin baho. Ranar da ya iya, kafaɗunsa suka sauko da kansu.

Daga nan sai kwanciya a kan ruwa. A nan mai ƙiba yana da rabo, domin kitse ya fi tsoka da ƙashi tasowa. Yaya ya fi samarin da nake koya wa saurin iya rigingine a kan ruwa. Sati na uku muka ɗauki allon soso ya riƙe da hannu biyu yana bugun ƙafa. Kuskurensa a nan shi ne tuƙa keke: yana naɗe gwiwa yana turo ta gaba, ruwa na fantsama amma ba ya gaba. Bugun ƙafa daga ƙugu yake tasowa, gwiwa a sake, idon sawu a sake, bugun ƙanana, dunduniya tana ɗan taɓa saman ruwa. Na hana shi iyon kwaɗo gaba ɗaya, duk da shi ne wanda manya suka fi so saboda kai yana waje. Yadda ake buɗe ƙafa a murɗa ta a wannan salon yana matsa wa cikin gwiwa, daidai inda ciwonsa yake, ɗaga kai kullum kuma yana gajiyar da wuya da ƙugu. Muka tsaya a kan salo biyu: na rub-da-ciki mai jifa da hannu ɗaya bayan ɗaya, da na rigingine.

A na rub-da-ciki abin da ke kayar da mutane shi ne ɗaga kai sama don shaƙar iska. Jiki a ruwa kamar ma'aunin mai awo yake, kai ya tashi ƙugu ya nutse, sai ka ga mutum yana jan ƙafafunsa kamar buhu. Ido ƙasan kwami zai kalla, idan za a shaƙa sai a juya jiki da kai tare zuwa gefe, kunne ɗaya da rabin tabarau suna cikin ruwa. A sati na shida ya ƙetare mita 25 ba tsayawa. Ya kama bango yana haki kamar wanda ya yi gudun fanfalaki, amma yana dariya. A ƙarshen wata na biyu yana yin tsawon kwami takwas, mita 200 ke nan, da hutun minti ɗaya tsakanin kowanne. Muna ƙara nisan sati bayan sati. A ƙarshen wata na uku ya kai mita 600, sau uku a sati.

Sai muka hau sikeli. Kilo 119.

Ya daɗe yana kallon allurar, sannan ya ce, "Ashe kuɗina da lokacina nake zubarwa a ruwa." Ban yi masa musu a take ba, na ce mu zauna mu yi lissafi, tunda shi mutumin lissafi ne.

Ga yadda lissafin yake. Kalori shi ne ma'aunin makamashin da abinci ke ba jiki, da wanda jiki ke ƙonawa. Iyo na matsakaicin ƙarfi yana cin wajen kalori shida a kan kowane kilo na nauyin mutum a awa ɗaya. Mai kilo 118 zai ƙona kusan 700 a awa, idan har awar duka yana tafiya. To amma Yaya awa guda yake yi a cikin ruwa, ba awa guda yana iyo ba. Na riƙe agogo na auna: idan aka cire hutu a bango, da gyaran tabarau, da gaisawa da abokan layi, abin da yake motsi bai wuce minti ashirin ba. Kalori 240 ke nan, a sati kusan 700. Kilo ɗaya na kitse kuwa yana ɗauke da wajen kalori 7,700. Ko da bai ƙara loma ɗaya a abincinsa ba, sai ya yi sati goma sha ɗaya kafin kilo guda ya tafi.

Kuma ya ƙara. Duk wanda ya taɓa fitowa daga ruwa ya san wannan yunwar, mai sa hannu rawa. A hanyarmu ta komawa akwai mai shayi, nan Yaya yake yada zango: indomi biyu, ƙwai biyu a soye, rabin burodi, shayi mai kauri da madara da sukari. Wannan zaman kaɗai ya haura kalori dubu. Ya ƙona 240 ya mayar da fiye da 1,000, kuma zuciyarsa fes, domin a ganinsa ya yi aikin da ya cancanci lada. Da rana a shago kuma ga lemon kwalba. Roba ɗaya ta rabin lita tana da sukari sama da giram 50, kalori kusan 210, wato kusan duk iyon ranar.

Wannan yunwa ba kwaɗayi ba ce, kuma na so ya fahimci haka don kada ya tsani kansa. Ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska kusan sau ashirin da biyar. Wanda ya yi gudu a rana jikinsa zafi yake ɗauka, abinci ma ba ya ba shi sha'awa nan take. Wanda ya yi iyo jikinsa sanyi yake yi, sai ya nemi makamashi. Masu bincike a Jami'ar Fulorida ta Amurka sun gwada haka a 2005: suka sa matasa motsa jiki a ruwa mai sanyin digiri 20, wata rana kuma a mai ɗumin digiri 33, sannan aka ajiye musu abinci. Bayan ruwan sanyin sun ci fiye da kashi 40 cikin ɗari a kan abin da suka ci bayan mai ɗumin. Tun a 1987 ma wani likita a Kalifoniya, Grant Gwinup, ya raba mata masu ƙiba gida uku, masu tafiyar ƙafa, masu keke da masu iyo, ba tare da an taɓa abincinsu ba. Bayan wata shida masu tafiya da masu keke sun ragu, masu iyo ba su ragu ba. Akwai wasu binciken da suka zo daga baya suka nuna masu iyo ma suna raguwa, kuma na yarda da su, domin na gani da idona. Amma wanda duk ya ce maka shiga ruwa kaɗai zai narkar da teɓa, ka ci abin da ka ga dama, bai gaya maka gaskiya ba.

Abin da ya hana Yaya ajiye abin gaba ɗaya shi ne shafin littafin da na nuna masa. Bugun zuciyarsa da safe kafin ya tashi daga shimfiɗa ya sauko daga 88 zuwa 78 a minti. Tef ya ba da 119 a cibiya maimakon 122. Yana hawa benen kasuwa ba ya tsayawa a tsakiya, matarsa kuma ta ce barcinsa ya daidaita. Ruwan yana aikinsa a zuciya da huhu da tsoka. Sikeli ne kawai bai shaida ba.

Daga wata na huɗu muka sauya abu biyu, ɗaya a ruwa ɗaya a kwano.

A kwano ba mu yi wani abin a-zo-a-gani ba, kuma ban yarda da horon yunwa ba, domin mai iyo da cikin da ba komai jiri ne abokinsa. Awa ɗaya da rabi kafin shiga ruwa yana cin ayaba ɗaya ko dabino uku. Yana zuwa da gorar ruwan sha ya ajiye a bakin kwami, saboda ana gumi a cikin ruwa, ba a dai gani ne, kuma ƙishirwa tana yawan shigar burtu ta zo a kamannin yunwa. Da ya fito sai wanka da ruwan ɗumi idan an samu, ya sa riga mai kauri, ya sha shayi mai zafi ba sukari, ya jira minti ashirin. Rabin yunwar nan tana tafiya da zarar jiki ya ɗumama. Abincin bayan iyo kuma daga gida ake haɗo shi tun kafin a fita, don kada yunwa ce za ta yi zaɓi: dafaffen ƙwai biyu, ko alala, ko wake da ɗan mai kaɗan, ko kindirmo ba sukari. Muka sauya hanyar komawa gida don kada mu bi ta gaban mai shayin. Lemon kwalba ya fita daga shago, zoɓo mara sukari ya shiga. Tuwon dare daga malmala uku ya koma ɗaya da rabi, aka yawaita miyar ganye da nama ko kifi. Na roƙi matarsa ta riƙa auna mai da cokali maimakon tuttulawa daga galan, domin babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne, kuma ba ya cika ciki. A ƙiyasina waɗannan sun rage masa wajen kalori 400 zuwa 500 a rana, fiye da abin da iyon kansa yake ƙonawa a lokacin.

A ruwa kuma muka koma sau huɗu a sati, muka daina ƙirga lokacin zama muka koma ƙirga lokacin tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babba shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a sati. Mai neman rage ƙiba ɓangaren sama na wannan adadin ya kamata ya nufa. Zuwa wata na bakwai ga yadda zamansa ɗaya yake: mita 200 a hankali don jiki ya saki; sai mita 50 sau takwas da ɗan ƙarfi, hutun sakan ashirin tsakani; sai mita 100 sau huɗu, hutun sakan talatin; mita 200 na rigingine; mita 100 na hucewa. Jimla 1,300, cikin minti arba'in da biyar zuwa hamsin. Amfanin yanka shi gunduwa-gunduwa shi ne mutum yana iya riƙe ƙarfi da kyawun salo, maimakon ya ja jiki a gajiye yana maimaita kuskure.

Don sanin ko yana aiki da gaske, da ya taɓa bango sai ya sa yatsu biyu a gefen maƙogwaro ya ƙirga bugun sakan goma ya ninka sau shida. A ruwa zuciya tana bugawa ƙasa da yadda take yi a tudu da wajen bugu goma, saboda jiki a kwance yake kuma ruwa yana taimaka wa jini komawa ƙirji. Ga mai shekarunsa muka nufi 115 zuwa 130. Wanda ke shan maganin hawan jini mai rage bugun zuciya kada ya dogara da wannan ƙirgar. Ya gwada da magana. Idan ka taɓa bango kana iya faɗin gajeriyar jimla amma ba ka iya doguwar hira, kana daidai. Idan kana iya ba da labarin kasuwa, wanka kake yi.

Akwai wani tarko da ba kowa ya san shi ba. Gwargwadon yadda mutum ya ƙware, gwargwadon yadda ruwan ke daina yi masa wuya. Mita dubun da ta kusa kashe shi a wata na biyar, a wata na tara shan iska ce. Ga shi kuma nauyinsa ya ragu, jiki ƙarami bai kai babba cin makamashi ba. A wata na tara sikeli ya tsaya cak a kilo 108 har sati biyar. Muka rage hutu daga sakan ashirin zuwa goma sha biyar, muka sa rana ɗaya ta gudu, mita 25 sau goma sha shida da dukan ƙarfi, wata rana kuma ta dogon zango ba tsayawa. Sannan ya ci gaba da sauka.

Abubuwan da suka same shi a hanya ba su da yawa, amma kowanne da dalilinsa. A wata na shida kafaɗarsa ta dama ta fara zogi idan ya ɗaga hannu. Na tsaya a gabansa na kalla: hannun yana shiga ruwa da babban yatsa a gaba, yana kuma ƙetare tsakiyar kansa zuwa hagu, ga shi gefe ɗaya kawai yake shaƙar iska. Wannan yana matse jijiyoyin da ke riƙe kafaɗa, kuma a zama ɗaya hannu yana juyawa sau ɗaruruwa. Muka gyara shigar hannu ta zama daidai faɗin kafaɗa, yatsu a gaba, ya koyi shaƙa ta gefe biyu bayan kowane jifa uku, ya rage nisa da rabi na sati biyu, ya riƙa jan robar motsa jiki a gida. Kunnensa na hagu ma ya taɓa ciwo, don ruwa ya kwana a ciki shi kuma ya bi shi da tsinken auduga ya kuje fatar. Sai da aka ba shi maganin ɗigawa a asibiti ya yi sati guda ba ruwa. Yanzu karkata kai yake yi ya girgiza, ya goge waje da tawul, ba ya cusa komai. Ɗaurewar jijiyar ƙafa kuwa ta kan zo ne ranar da bai sha ruwa ba ko ya miƙe yatsun ƙafa da ƙarfi. Maganinta a kama bango, a ja yatsun zuwa sama.

Shi kansa wurin ninƙayar sai an sa masa ido. Ruwan yana tsabta ne idan injin tacewa yana juya shi kuma ana zuba masa kulorin, wato sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, daidai. Idan aka kwana biyu ba wuta sai ya fara dishi-dishi, daga nan ya yi kore. Dokata ita ce idan ka tsaya a baki ba ka hango ƙasan wuri mafi zurfi ba, kada ka shiga. Ƙarfin wari kuma ba alamar tsabta ba ce, yana fitowa ne idan kulorin ya haɗu da gumi da fitsari, shi ne ma ke sa ido ja. Da damina, da an ji tsawa a fita, a jira rabin awa bayan ta ƙarshe. Da hunturu ruwan da ba a ɗumamawa yana yin sanyin da ke yanke numfashi da safe, sai muka mayar da lokacinsa tsakanin azahar da la'asar, ya rage zaman zuwa minti talatin, ya shafa man kaɗe bayan wanka saboda kaushi. A nan ne yunwar ta fi tsanani, kuma a nan ne mutane da yawa suke mayar da abin da suka rage. Da azumi ya daina shiga da rana don gudun haɗiyar ruwa da jiri, ya koma sau biyu a sati bayan tarawihi. Sutura kuwa wando ne mai kama jiki daga cibiya zuwa ƙasan gwiwa da riga ta roba mara shan ruwa. Rigar auduga nauyi take yi tana jan mutum.

Wata rana kuɗin shiga ya yi masa yawa, wani abokinsa ya ce ga dam nan kyauta. Na ce masa, "Yaya, don Allah kada ka fara." Ruwan dam da kududdufi da rafin fadama a ƙasarmu gidan tsargiya ne. Ƙwayar tana girma a jikin ƙananan dodon koɗi, ta fito cikin ruwa ta huda lafiyayyar fata, ba sai an sha ba. Bayan watanni sai a ga jini a ƙarshen fitsari, idan ta daɗe kuma tana lalata mafitsara, har takan kai ga sankara. Nijeriya tana sahun gaba a duniya wajen yawan masu ɗauke da ita. Akwai maganinta, praziquantel, amma ba ya hana sake kamuwa. Ga kuma laka da rami da ba a gani. Gara ya rage zuwa sau uku a ruwa mai kulorin.

A wata na goma sha biyar sikeli ya nuna kilo 101, tef ya ba da santimita 104. Kilo goma sha bakwai, kusan duka a cikin shekarar da aka gyara kwano. Yana yin mita 1,500 zuwa 1,800 a zama. Likitansa ya rage masa maganin hawan jini, shi likitan da kansa, ba mu ba. Masana gaɓoɓi sun auna cewa duk kilo ɗaya da mai ciwon gwiwa ya rage yana sauke wa gwiwar nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. Guringuntsin da ya cinye bai dawo ba, kuma ba zai dawo ba, amma kayan da ke kansa sun ragu, tsokar cinya da ke tallafa masa ta yi ƙwari. Tun wata na goma sha ɗaya ya fara sujada a ƙasa a nafila cikin ɗakinsa, yana dafa bango wajen tashi. Wata Juma'a na ga yaron ya fito ba kujera, Yaya na gaba da dardumarsa a kafaɗa.

Saura abu ɗaya da har yanzu muke ja-in-ja a kansa. Shi yana ganin tunda ruwa ya yi masa wannan, ba ya bukatar komai a tudu. Ni kuwa na san wannan sauƙin da ya ceci gwiwarsa shi ne kuma gibin iyo: ƙashi yana ƙwari ne idan yana ɗaukar nauyi, ruwa kuma ɗauke masa nauyin yake yi. Wanda iyo ne kaɗai motsinsa zuciyarsa da huhunsa za su yi kyau, amma ƙashin ƙugunsa da na bayansa ba sa samun rabonsu, kuma mai rage ƙiba yakan rasa ɗan ƙashi da tsoka tare da kitsen. Abin ya fi shafar mata bayan ɗaukewar al'ada, amma namiji mai tunkarar hamsin ma bai tsira ba. Shi ya sa shawarar Hukumar Lafiya ta haɗa da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a sati. Abin da na samu ya yarda da shi zuwa yanzu kaɗan ne: tashi daga kujera a zauna ba dafawa, sau goma, zagaye uku, ranar Talata da Asabar, ɗaga jarka mai lita biyar a kowane hannu, da tafiya masallacin unguwa da ƙafa maimakon babur, minti bakwai zuwa, bakwai dawowa, wanda yanzu gwiwar tana ɗauka ba kumburi. Jarkar yana yawan mantawa da ita. Ruwan kuwa ko a tsakiyar hunturun bana bai fasa ba, ƙarfe biyu da rabi yana bakin kwami da fulas ɗin shayinsa da ƙwansa biyu a leda.